Kunama a Cikin Gwangwani

Wata safiya cikin hunturun ƙarshen 2024, bayan an gama sussukar gero an kai riɗi kasuwa, na shiga zaure gaida mahaifina. Na tarar da shi bisa buzunsa, ya lulluɓa da bargo, ga kaskon wuta a gabansa. A gefensa kuma ɗana na fari ne durƙushe, ya ɗora tsohuwar bindigar gidanmu a kan cinya yana goge ta da tsumma da man gyaɗa. Da muka ƙare gaisuwa, Baba ya ce, ba tare da ya juyo wajena ba: "Abokin nan nawa ya isa riƙon bindiga. Ka nema masa daidai kafaɗarsa."

Yaron bai ɗago kai ba, amma na ga hannunsa ya tsaya a kan ƙarfen. Nan take na gane cewa an daɗe da ƙulla maganar a bayan idona. Sunan Baba muka sa masa, saboda haka Abba muke kiransa, kuma tun yana rarrafe shi da kakansa suke wasan jika da kaka, wannan ya ce zai ƙwace matar wancan, wancan ya ce sai dai a gwada ƙarfi. Shekararsa goma sha uku a lokacin. Na ce, "To, Baba." Ɗa ba ya ce wa mahaifinsa a'a a cikin zaure, gaban jika. Sai dai kowane Bahaushe ya san "to" iri-iri ce, kuma wadda na yi ran nan ta mai neman lokaci ce.

Gidanmu gidan maharba ne, a wani ƙauye da ke gefen hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ba mafarauta ba, maharba. Baba ba ya yafe wa wanda ya haɗa su. Mafarauta su ne masu fita rundunar rani da karnuka da gora da barandami da makaɗa, su tashi daji da ihu, wani lokaci a ƙare da rigima a kan zomo guda. Maharbi kuwa shi kaɗai yake tafiya, ko da yaro ɗaya a bayansa, ya karanta sawu, ya lura da inda iska ta dosa, ya iya kwana a gindin sabara bai motsa ba. Har yau akwai kan burtu rataye a ɗakin Baba, wanda kakanmu yake ɗaurawa a goshi ya yi ta rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Cikin 'ya'yan Baba maza ni ne ban gaje shi ba. Na yi karatu, na fita daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, na zama malamin makaranta. Mutanen gari suna cewa boko ne ya ɗauke ni daga daji, ni kuma na bar su a kan haka shekara talatin da biyar.

Tunda na ce "to", sai na shiga neman bindigar kamar da gaske, ina fatan in sami aibin da zai isa hujja a kowace.

Na fara da ta gida. Harba-ruga ce, wadda wasu ke kira adaka ko bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmark, saboda fataken ƙasar na cikin waɗanda suka riƙa sauke irinta a gaɓar tekun Afirka ta Yamma tun zamanin cinikin bayi. Ta Baba dai wani maƙeri ne ya ƙera ta tun kafin a haife ni. Idan aka tsayar da ita a ƙasa, bakinta yana kai wa Abba haɓa. Tana da nauyin da babban mutum ma sai ya gyara tsayuwa, kuma in ta tashi tana naushin kafaɗa naushin da yake koya wa yaro rufe ido kafin ya ja kunama, wanda shi ne mugun hali na farko da maharbi zai ɗauka. Aibinta mafi girma shi ne ba ta da ma'auni sai hannun mai ita. Kowane ɗuri sabon hukunci ne: in albarushi ya yi kaɗan ta yi tari, in ya yi yawa ta iya fashewa a fuskar mutum. Takan kuma yi nawa, a ja kunama ta yi shiru, sai mutum ya sauke ta yana dubawa sannan ta tashi. A kowace karkara da ake harbi za ka sami dattijo mai yatsu uku, ko mai tabon ƙuna a kunci, kuma ba sai ka tambaye shi dalili ba. Sunan nata ma ai gargaɗi ne: ka harba, ka ruga, domin in ka kuskure abin da ke da haƙori ba ka da na biyu.

Daga nan na je wajen maƙerin da iyayensa suka yi wa iyayenmu aiki. Na same shi yana gyaran garma, yaronsa na jan zuga-zugi. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ya yi dariya ya ce abu mai sauƙi, a kawo yaron ya auna shi daga kafaɗa zuwa yatsa, ya yi masa gajera mara nauyi. Na tambaye shi yadda yake tabbatar da ƙarfen zai jure. Ya ce yakan ɗaure sabuwar bindiga a jikin itace, ya tayar da ita da igiya daga nesa. In ba ta fashe ba, ta yi. Mutumin kirki ne, kuma gwani ne a sana'arsa, amma na fito daga maƙerar ina tunanin cewa gwajin nan ba ya faɗa maka komai sai cewa ba ta fashe ba a ranar.

Ta uku ban neme ta ba, ita ta neme ni. Wanda ya zauna kusa da iyaka ya san magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Wani da ya ji ina cigiya ya tare ni bayan sallar la'asar, ya ce ya san mai kawo ta Turawa, mai baki ɗaya, wadda ake karyawa a saka harsashi, tsaf da ita, babu toka babu tsumma. Ya ce in ma ta iska nake so saboda yaro, akwai. Ban tambaye shi ta inda take shigowa ba, shi ma bai ce ba. Tun da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya a 2011, makamai suka bazu cikin Sahara da ƙasashen da ke bakinta, kuma iyakarmu da Nijar ba katanga ba ce, gonaki ne da burtali. Akwai wanda gidansa ke Nijeriya gonarsa na Nijar. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta Maigatari a Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Duk rufewar nan ƙofar kan titi take shafa. Hanyoyin cikin gero ba su taɓa jin labari ba.

Ba zan ɓoye ba, wannan ta ukun ta shiga raina, domin in ana maganar lafiyar yaro ita ce ta fi hankali. Harsashinta a aune yake tun daga masana'anta, harbi ɗaya take yi, kuma in an karya ta kowa yana iya gani da idonsa cewa babu komai a ciki. Na karanta cewa a Amurka, inda iyaye da yawa ke fita harbi da 'ya'yansu, kamfanoni suna ƙera ƙananan bindigogi musamman domin yara, masu gajeren gindi da ƙaramin harsashi, har da masu launin ruwan hoda saboda 'yan mata. Abin da suke aunawa shi ne abin da maƙerinmu ya so aunawa: tsawon hannu, nauyi, da ƙarfin naushi. Amma can akwai barewa a daji har ta yi yawa, akwai lokacin harbi da hukuma ta ƙayyade, akwai darasin da ake sa sabon maharbi ya yi kafin a ba shi takarda. Ni kuwa abin da ke gabana shi ne wani mutum a bayan masallaci yana magana ƙasa-ƙasa.

Sai na koma ga doka, ina jin kunyar cewa malamin makaranta bai fara da ita ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa su gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin na harbin tsuntsu da na dabba, har da ta iskan nan da muke ɗauka abin wasa, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai masu ɗuri ta baki irin ta Baba, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarsu. Dokar kuma ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara goma sha bakwai ba, kamar yadda ta hana a ba mai taɓin hankali da mai raunin gani. Na daɗe ina duban wannan wuri. A gidanmu mutum biyu ne ke son bindiga, ɗaya bai kai shekarun ba, ɗayan kuma yana ta rufe masa ido ɗaya tana neman na biyu.

Na ɗauka na sami mafita. Na je na karanta wa Baba, ina fassarawa. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni shekarar da aka rubuta ta. Na faɗa masa. Ya ce a shekarar shi ya riga ya fara bin mahaifinsa daji, kuma bai ga ranar da takarda ta hana bindiga fashewa ba, bai kuma ga ranar da ta koya wa yaro inda zai sa ƙafa ba. Ban sami amsa ba, domin gaskiya ya faɗa, ko da yake ba ita ce gaskiyar duka ba.

Uwar Abba ita ba ta yi dogon bayani ba. Da dare ta ce, "Malam, me zai harba?" Tambayar ta fi ta doka nauyi. Baba yakan ba da labarin garken barewa da yake gani tsakanin garinmu da iyaka kafin farin 1973, da tuji, da zabin daji masu tashi kamar hadari. Ni na tarar da saura: gada jefi-jefi, zomo, fakara, dila mai kuka da dare. Bayan farin 1984 sauran ma ya ragu. Jama'a ta ƙaru, aka nome saura da fako, aka sare ƙirya aka yi gawayi, har burtalin shanu sai da aka ci gefensa. Filin da aka killace a Maigatari zamanin Gwamna Saminu Turaki domin yankin ciniki marar haraji, Baba ya ce ya sha ɗana tarkon zomo a wajajen. Yau abin da Abba zai samu in ya fita shi ne kurciya a kan dalbejiyar da aka dasa don tare hamada, da kurege, da fakara in an yi sa'a. Inda tsuntsaye suka rage da yawa, wato dausayin Baturiya ta wajen Haɗeja, wuri ne da hukuma ta keɓe ta hana harbi. Malamanmu na zaure kuma sun karantar da mu a Risala cewa farauta domin wasa kawai makaruhi ce, halaccinta yana ga mai neman abinci ko abin masarufi. Gidana ba a rasa nama don rashin kurciya ba.

Duk waɗannan hujjoji ne masu kyau, kuma na jera su a raina kamar mai shirin shiga kotu. Amma babu ɗaya a cikinsu da ta hana ni barci. Abin da ya hana ni barci ya faru ne a rani na 1989, lokacin muna cikin Jihar Kano, ba a ƙirƙiro Jigawa ba.

Shekarata goma sha huɗu. Ina da ido, kowa ya sani. Da danƙo nakan sauko da kurciya daga ƙololuwar gawo. Baba ya sa aka ƙera mini gajerar bindiga daidai kafaɗata, ya rataya mini da hannunsa. A mako na uku na fita ni kaɗai da la'asar sakaliya, na tashi wasu zabi suka ruga cikin wani kurmin geza da magarya. Na lallaɓa ta ƙarƙashin iska yadda aka koya mini. Can cikin ganye na ga abu mai zanen fari da baƙi yana motsi, daidai tsayin zabo. Na yi bisimilla na ja kunama. Kafin hayaƙi ya washe na ji ƙarar da ba ta tsuntsu ba.

Wani yaron Fulani ne, bai fi shekara goma ba, ya tsuguna yana tsintar magarya, shanunsu na can gaba. Rigar saƙi ce a jikinsa, saƙin nan mai zane kamar gashin zabo. Ƙarafunan sun same shi a cinya da gwiwa. Ban san yadda na kai gida ba. A amalanke aka ɗauke shi zuwa bakin titi, daga nan zuwa asibiti a Gumel. Ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Aka zauna gaban dagaci da arɗo, Baba ya ba da ɗaya daga cikin bijiman nomansa biyu, ya biya kuɗin magani, iyayen yaron suka ce ƙaddara ce sun yafe. Damina ta zo muka yi huɗa da hannu. Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba, bai ƙara ta da maganar ba ko sau ɗaya. Gajerar bindigar ta ɓace daga gidan, ban tambayi inda ta tafi ba. Da ya doke ni, da wataƙila na huta.

Ina cikin wannan juyayi azumi ya kama. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar salla, labari ya zo daga Uromi ta Jihar Edo: an tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, aka ga bindigogin toka a kayan wasu mafarauta 'yan Jihar Kano masu komawa gida salla, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum goma sha shida. Irin bindigar da ke jingine a zaurenmu ce. Shekara goma kafin nan, maharba masu irin wannan bindiga ne suka taimaka wa sojoji a Adamawa wajen korar Boko Haram, ana yi musu kirari a rediyo. Ƙarfen bai sauya ba, idon da ke kallonsa ne ya sauya. A zamanin Baba, wanda ya ga yaro da bindiga a kafaɗa ya san ɗan gidan wane ne. Yau wanda ya gan shi zai fara tunanin ta inda zai gudu, ko wanda zai kira.

Daren salla na sami Baba shi kaɗai. Na zauna a ƙasa kusa da buzunsa, na ce, "Baba, ina jin tsoro." Ban taɓa faɗa masa haka ba. Na ce ba zan iya saya wa Abba bindiga ba, kuma ya san dalili.

Ya yi shiru har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Kai ka ja kunama, amma wa ya rataya maka?" Ya ce shi mahaifinsa sai da ya sa shi ɗaukar jaka da gora rani biyar kafin ya bar shi ya taɓa kunama, yana tafe a baya, ba ya magana sai an tambaye shi. Ya ce da ya ga idona, sai alfahari ya kama shi, ya yanke mini hanya, domin a ce ɗan wane ya fara harbi tun bai yi gemu ba. "Na auna kafaɗarka," in ji shi, "ban auna haƙurinka ba. Shekara talatin da shida ina so in gaya maka, kunya ta hana ni."

Na tambaye shi, to me ya sa yake so a maimaita. Ya ce ba harbi yake so yaron ya koya ba, harbi ko wawa ya iya. Ya ce akwai abin da ke cikin kansa wanda babu shi a littafina: yadda ake bambanta sawun gada da na ɗan akuya, yadda ake sanin sawun jiya da na yau, ciyawar da ke nuna ruwa na kusa, kukan tsuntsun da ke cewa akwai maciji, saiwar da ake ba wanda kunama ta harba. 'Ya'yansa da suka gaje shi biyu sun koma gadi a birni, ɗaya ya rasu. "Idona na tafiya. In na ce wa yaron nan ya zo in koya masa sunan ciyawa, zai bi ni? Amma in akwai bindiga, kafin asuba zai tashe ni."

Wannan ne karo na farko da na fahimci abin da ake nema a wurina. Tsoho ne yake neman wanda zai ba ajiya kafin ya tafi, bindigar kuwa ita ce hatsin da ake watsawa a bakin tarko.

Ranar Alhamis ta biyu bayan salla na ɗauki Abba a babur muka tafi kasuwar Maigatari. Wanda bai taɓa ganin karar Maigatari ranar kasuwa ba, da wuya a kwatanta masa: raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar da abin da ke bayanta, ƙura ta tashi har rana ta yi ja, manyan motoci jere ana loda musu dabbobi zuwa kudu, Hausa da Fulatanci da Barbarci suna karo a iska. Na ratsa da shi har inda wani dillalin shanu yake zama, mutum mai furfura kaɗan a gemu, mai ɗingishi. Shekaru da yawa ina zagaye wannan rumfa. Daga baya na fara tsayawa mu gaisa, kuma shi ne ya fara sa mini sunan da yake kirana da shi. Yana hango ni ya ɗaga sanda ya ce, "A'a, maharbina! Yau har da magaji?"

Na ce masa yaron bindiga yake so, kuma bai san komai ba. Ya dube ni, ya dubi Abba, ya gane abin da na zo roƙo ba tare da na faɗa ba. Ya sa aka kawo mana fura. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa, ya kama hannun yaron ya ɗora a kan wani ƙulli da ke ƙarƙashin fata, ya ce ya danna. Ƙarfe ɗaya ne da likita ya ce barinsa ya fi cire shi. Ya ba shi labarin duka, da magaryar, da rigar saƙin da innarsa ta saya masa, yana yi yana dariya, yana cewa in hunturu ya zo ƙarfen yakan riga kowa sanar da shi. A ƙarshe ya ce, "Ka ga babanka gwani ne. Daga nesa, cikin ganye, bai kuskure ba. Abin da ya gani shi ya harba. Matsalar dai ba abin da ya gani ba ne ke wurin."

Abba bai sha furar ba. A hanyar komawa bai ce uffan ba, amma na ji ya riƙe rigata da hannu biyu, abin da ya daina tun yana ɗan shekara bakwai. Na yi zaton maganar bindiga ta mutu. Bayan kwana uku ya zo ya durƙusa ya ce har yanzu yana so ya bi Kaka daji. Na ji haushi, na kuma ji wani abu mai kama da daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Bindigar da na zaɓa masa a ƙarshe ita ce wadda na fara ƙi. Na ɗauki tsohuwar harba-rugar Baba na kai wa maƙeri, na ce ya cire mata kunama. Ya dube ni kamar wanda ya kawo doki a yanke masa ƙafa, amma ya cire, ya miƙo mini a tafin hannu, ɗan ƙarfe lanƙwasasshe da bai kai tsawon yatsa ba. Bindigar tana nan ta Baba, Abba ɗan dako ne kawai, kuma ba sa wuce gonakinmu da saurar da ke bayansu, inda kowa ya san su. Ta yi masa nauyi, ta yi masa tsawo. Baba ya ce haka ake so, wai wanda ya saba da nauyinta ba zai yi garajen ɗaga ta ba.

Na bi su sau ɗaya, wata Asabar. Tsoho a gaba da sanda, yaro a baya da bindiga a kafaɗa, bakinta sama. Baba ba ya ganin sawu yanzu, sai ya tsaya ya ce a faɗa masa abin da ke ƙasa, Abba ya tsuguna ya kwatanta, shi kuma ya ce namiji ne ko mace, da sanyin safiya ya wuce ko da dare. Da fakara ta fito gefen wata sabara, yaron ya durƙusa ya saita. Baba ya tambaye shi abu uku, a hankali, kamar mai jan carbi: mece ce, me ke bayanta, kuma wa zai ci. Sai ya amsa duka ukun ake ba shi izini ya ce "tau" da baki, a lissafa masa ita. Ran nan ya amsa ta farko, ya tsaya a ta biyu, ya ce ganye ya tare masa. Fakarar ta yi tafiyarta. Muka zagaya bayan sabarar, babu kowa, babu komai sai busasshiyar kashin shanu. Abba ya ce da ya sani da ya harba. Baba ya ce ai bai sani ba.

Kunamar tana cikin wani gwangwanin madara a ƙasan akwatina, tare da takardun makarantata. Abba zai cika goma sha bakwai a 2028, in Allah ya kai mu, kuma na yi masa alkawarin ranar za mu yi magana, ban yi masa alkawarin abin da zan ce ba. Kwanan baya ya tare ni a ƙofar gida ya tambaye ni ko ina sa mata mai, wai Kaka ya ce ƙarfen da aka ajiye ya fi wanda ake aiki da shi saurin tsatsa. Na ce ina sawa. Ba gaskiya na faɗa ba. Da dare, bayan kowa ya kwanta, na jawo akwatin na buɗe gwangwanin, na tarar ja-ja ya fara kama ta a wajen lanƙwasar. Na ɗebo man gyaɗa a kicin, na zauna a bakin gado ina goge ta da gefen tsohon rawani.